Asibiti sun ce maganin ya ƙare, mai kemis ya ce duk antibayotik ɗaya ne

Tambaya: Salam Malam, daga Agege nake. Yarona ɗan shekara 4 kunnensa ke ruwa ga zazzaɓi, likita ya rubuta Augmentin na ruwa, a asibitin gwamnati suka ce ya ƙare, a famasi kuma kuɗin ya fi ƙarfina. Mai kemis ɗin layinmu ya ce in sayi ampiclox guda 6 in dinga fasa masa a koko, wai duk antibayotik ne. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Kar ki ba shi, dan Allah.

Maganar "ya ƙare" kam mun saba jinta, kuma tun da kamfanin GSK mai yin Augmentin ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a 2023, ga faɗuwar naira, kuɗin Augmentin ya yi tashin gwauron zabi. Amma Augmentin sunan da kamfanin ya sa wa maganin ne kawai, ainihin maganin amoxicillin da clavulanic acid ne, wasu kamfanoni ma suna yin sa da sauƙin kuɗi. Ki je famasi mai rajista ki ce a ba ki wannan, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Wallahi kullum sai na ji wannan magana ta "duk antibayotik ne", daga Mile 12 har Idi-Araba, kamar wani shinkafa da za a ce in babu 'yar waje a ci 'yar gida. Ampiclox haɗin ampicillin ne da cloxacillin, babu clavulanic acid a ciki, kuma clavulanic acid ɗin ne ke hana wasu ƙwayoyin cutar kunnen lalata maganin. Sannan maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, shi mai kemis ya ɗora yaron a sikeli ne? Kafso na manya a fasa a koko, rabi ya manne a kofi, yaro ya tofar da rabi saboda ɗaci, guda 6 su ƙare a kwana biyu, zazzaɓi ya ɗan lafa ki ɗauka an warke, alhali ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai, sati na gaba kunne ya dawo da ruwa, sai ga ku a asibiti ana maganar allura da kuɗin da ya ninka wanda kika guda. Kuma lasisin masu kemis ma bai ba su damar sayar da irin wannan magani ba, amma wa ke bi? Ga masu yawo da magani a faranti cikin rana a tasha, waɗannan ban ma son in fara.

In haɗin mai sauƙin ma ya gagara, ki koma wa likitan ki faɗa masa gaskiyar aljihunki, shi zai san ko amoxicillin zalla zai wadatar, ba mai kemis ba. Ki kuma tambayi yadda ake shiga Ilera Eko, inshorar lafiya ta gwamnatin Legas, saboda gaba.

In kin samu garin maganin nan da ake zuba wa ruwa, da tafasasshen ruwa da ya huce za ki haɗa, a firji ake ajiye shi, bayan kwana 7 a zubar da saura. In wutarku ba ta tsayawa ki faɗa wa mai famasi kafin ki biya. In kuma kika ga bayan kunnen ya kumbura ko wuyansa ya sanƙare, asibiti a take, ko da tsakar dare ne.