Ku Tambaya Mu Amsa: Kasuwar Halaba Kulito ta cancanci wahalar hanya?

TAMBAYA: Malam, aiki zai kai ni Addis Ababa, kuma zan samu kwana uku na hutu. Wani abokina ya ce in leƙa kasuwar mutanen Alaba. Da farko na ɗauka Alaba ta Legas yake nufi. Ina ne wurin, kuma me zan gani? Daga wani mai karatunmu.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan Alaba daban ce. Al'umma ce a kudancin Habasha, su kansu Halaba suke kiran kansu, kuma babban garinsu shi ne Halaba Kulito, a bakin kogin Bilate. Daga Addis Ababa ya haura kilomita 300 in ka bi ta Shashamane. Tun 2023 yankin yana ƙarƙashin sabuwar jihar Tsakiyar Habasha. Mafi yawansu Musulmi ne, don haka sallama kaɗai za ta buɗe maka ƙofofi, masallaci da abincin halal kuwa ba sai ka nema ba.

Ranar Alhamis kasuwar ke ci. In kwanakinka uku ba su haɗa da Alhamis ba, gaskiya ka bar tafiyar sai wani jiƙon. In sun haɗa, ka kwana a garin ran Laraba, don kasuwar tun a hanya take farawa. Da sanyin safiya na tsaya bakin titi ina kallon amalanken jakuna suna shigowa jere, buhu kan buhu, mazan da ke korarsu sanye da doguwar malafar nan tasu ta saƙa mai tsini sama. Da ita ake gane Bahalabe ko daga nesa.

Abin da ya ɗaga sunan garin shi ne jan barkono, wanda Habashawa ke haɗa yajinsu na berbere da shi. Kafin idonka ya ga layin 'yan barkono, hancinka ya riga ya sanar da kai. Na yi atishawa har hawaye suka zubo, wata dattijuwa da ke zaune gaban tulinta ta nuna mini in ja rawani in rufe hanci. Sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta karya a kusa da kunnena. Ƙarar da ta yi, ƙas, ita ce shaidar ya bushe sarai. Wanda ya lanƙwashe bai karye ba, da sauran danshi a jikinsa, nauyin ruwa za ka saya kuma zai yi fumfuna a buhu. Dillalai suna awo ne da wani ma'auni mai suna farasula, wajen kilo 17 ke nan. Na fi awa biyu a layin nan ban ji na gaji ba. In so samu ne ka je bayan damina, daga Nuwamba zuwa gaba, lokacin da sabon barkono ke shigowa.

Akwai masara, akwai tef (hatsin Habashawa mai ƙananan ƙwayoyi), akwai kara ta dabbobi, waɗannan ka zaga su a gurguje.

Ka riƙe birr, kuɗin Habasha, a hannu, ƙananan takardu. Yaren Halaba dangin na maƙwabtansu Kambata ne, amma Amharanci yana aiki a kasuwa, “sint naw?” na nufin “nawa ne?”. Sai batun agogo, wanda ya ci ni. Su Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Direba ya ce mini mota za ta tashi ƙarfe ɗaya, na yi zamana ina jiran azahar, ashe bakwai na safe yake nufi. Duk lokacin da aka ba ka, ka tambaya na Habasha ne ko na Turawa.

In za ka fita, ka sa direba ya tsaya a ƙauyukan bakin hanya. Ɗakunansu zagayayyu ne masu jinka, an zane bangonsu ciki da waje da furanni, dabbobi, masallatai, har da Ka'aba. Gidajen mutane ne da iyalinsu a ciki, don Allah ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, musamman inda mata suke. Gidan da na shiga, sai da aka soya kofi a gabana, aka daka, na sha kofi uku kafin maigidan ya bar ni na tashi.