Tambaya da Amsa: Motar da ruwa ke ɗiga daga salansarta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne a Zariya. Yarona ya nuna mini bidiyon wata mota, wai da iskar haidirojin take tafiya, ba hayaƙi, ruwa kawai ke ɗiga daga salansa. Gaskiya ne? In haka ne, me ya hana duniya ta watsar da fetur kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Oga. Yaronka bai yi maka ƙarya ba. Tun 2014 kamfanin Toyota ke sayar da irinta, Mirai. Akwai wata na'ura a cikinta da ke haɗa haidirojin da oksijin ta ba da lantarki, abin da ya rage shi ne ruwan da ka gani. Da motocin Kwangila ta Zariya duk irinta ne, da masu asma sun samu sauƙi.

To amma ina aka samo haidirojin ɗin? Nan gizo ke saƙar. Galibi sai an ɓanɓaro ta daga jikin wani abu kafin a samu. Duniya na amfani da fiye da tan miliyan 90 a shekara, kuma kusan duka daga iskar gas da kwal ake fitar da ita. Kilo ɗaya da aka yi da gas yakan saki kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Hayaƙin da ba ka gani a salansa ba, tuni ya fita a bututun masana'anta. Ba a rabu da Bukar ba ke nan, an haifi Habu.

Hanya mai tsabta ita ce a sa lantarki ya raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin. Da nake koyar da kimiyya a sakandare, da batir da fensir biyu da kofin ruwa nake nuna wa yara, su ga kumfa na tashi su yi ta ihu. In wutar daga sola ko iska ta fito, ba laifin da za a ɗora mata. Sai dai cin wuta gare ta: kilo ɗaya na lashe lita 9 na tataccen ruwa da yunit kusan 50. Kafin a matse ta, a yi dakonta, a sake mayar da ita lantarki a mota, da ƙyar kashi ɗaya cikin uku na wutar ke isa taya. Da batir aka caja kai tsaye, fiye da kashi 70 cikin 100 za su isa. Mu da ke ƙirga awannin wuta, wannan asara ba ta shiga kaina.

Ga kuma ajiya. Iskar da ke tankin Mirai ta ninka ta tayar ƙaramar mota matsi kusan sau 300, kuma ƙofar da ido ba ya gani ta ishe ta sulalewa, ga saurin kama wuta. Ba aikin garejin bakin titi ba ne.

Inda nake ganin amfaninta shi ne inda batir ba ya shiga. Takin yuriya da Dangote ke yi a Lekki da na Indorama a Eleme, daga haidirojin ɗin gas ake haɗa shi. A can ya kamata a fara musanyawa da mai tsabta, sai wajen sarrafa ƙarfe, kamar yadda aka gwada a Suwidin a 2021.

Wani abin mamaki: a 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Bourakébougou na Mali suka ci karo da haidirojin tana fitowa da kanta daga ƙasa. Daga baya da ita aka riƙa kunna wa ƙauyen janareta, kuma tun daga nan kamfanoni ke ta neman irin wannan rijiya a wasu ƙasashe.