Karyar gadi tana ɗigar da jini: ciwo ne?

Tambaya: Ni maigadi ne a Ajah da ke Legas. Karyar gidan da nake aiki, watanta 9, ta fara ɗigar da jini, gabanta ya kumbura, kuma kullum da dare karnukan unguwa sai sun taru a bakin get. Ciwo ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, lokacin barbararta ne ya zo. Karya takan fara tsakanin wata 6 da shekara 2, ƙananan jinsi sun fi saurin farawa, daga nan abin ya riƙa dawowa kusan duk wata 6 ko 7 har ƙarshen rayuwarta.

Kwana 9 na farko, ko kusa da haka, jinin ja ne. Warinsa ke jawo mazan, amma ba ta yarda da su, har cizo takan kai musu. Bayan nan ne ake yawan yin kuskure. Jinin zai ragu ya koma ruwa-ruwa, sai a zaci an gama a sake ta, alhali a lokacin take ɗaukar ciki. Shafa gadon bayanta ka gani: in ta tsaya cak ta kawar da wutsiya gefe, to ta shirya. Shi ma wannan yakan ɗauki kwana 9, wata har 20. Saboda haka ka ƙirga sati 4 daga ranar da ka fara ganin jini, tana cikin keji mai rufi da sakata. Gajeriyar katanga ba ta tare kare, kuma a haƙura da gadinta na dare a wannan watan.

In har wani ya hau ta suka sarƙe, don Allah kada ka doke su ko ka ja su. Gaban namijin ne ya kumbura a ciki, cikin minti 5 zuwa 30 za su rabu da kansu, ja kuwa yakan yaga ta. Cikin karya kwana 63 ne. Karnukan titi kuma suna yaɗa wani tsiro mai zubar jini ta hanyar barbara, don haka jinin da ya wuce wata guda na likita ne.

Abin da ya fi damunmu yana zuwa sati 4 zuwa 8 bayan an gama. In ta yawaita shan ruwa, ta ƙi abinci, tana amai, ko mugunya na fita, mai yiwuwa mahaifarta ce ta cika da mugunya, kuma yana kisa. A kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Allurar hana haihuwa ta mata da ake saya a kemis tana ƙara wannan haɗarin, kada a yi mata. In maigidanka ba ya son 'yan kwikwiyo, likita ya cire mata mahaifa wata 2 zuwa 3 bayan jinin ya ɗauke.