Tambaya da Amsa: Sola kaɗai ta isa ta raba mu da hayaƙi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na ji a rediyo ana cewa wai ko duniya ta koma sola gaba ɗaya, akwai sauran aiki a wajen ɗumama gida da sanyaya shi. To mu da muke fama da zafin Sakkwato ina ruwanmu da ɗumama gida? (Mai karatu daga Sakkwato)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, tambayarka tai kyau. Kaga mutane da sun ji makamashi sai hankalinsu ya tafi kan fitila da cajin waya, alhali kusan rabin makamashin da duniya ke ci yana tafiya ne wajen samar da zafi, wato ɗumama gidaje, ruwan zafi da wutar masana'antu, kuma yawancinsa gas ne da kwal da mai ake ƙonawa.

A Turai sanyi ne matsalar. Da gas ɗin Rasha yai tsada a 2022 sai suka ruga wajen wata na'ura da ke aiki kamar firji amma a juye, tana jawo ɗumi daga iskar waje ko ƙarƙashin ƙasa ta shigo da shi ɗaki. Wutar da ta ci, takan ba ka zafi ninki uku ko huɗu. A Norway fiye da rabin gidaje suna da ita.

Mu kuwa sanyaya ce tamu, kuma nan ne nafi damuwa. Hukumar makamashi ta duniya IEA ta ce a 2018 AC da fanka suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na lantarkin duniya, kuma wutar da ake buƙata don sanyaya na iya ninka uku kafin 2050. Duba dai unguwarku a watan Afrilu, an ɗauke wuta, kowa ya tada janareta, hayaƙi ya cika lungu, yara na kwance a tsakar gida suna shaƙa, fetur kuma ga tsada. Alhali ranar nan da ke gasa mu ita ce ke cika farantin sola da tsakar rana, daidai lokacin da AC ke neman wuta. In za ka sayi AC, nemi mai inbata, yafi tsada amma baya zuƙe batir kamar tsohon yayi.

Sannan gas ɗin cikin AC da firji kansa masifa ne, wani nau'in yafi hayaƙin mota ɗumama duniya sau dubu ko fiye, shi yasa akai yarjejeniyar Kigali a 2016 don rage shi. Wallahi raina na ɓaci in na ga mai gyara ya buɗe bututu ya sake shi a iska yana fiii.

Kar kuma mu raina namu. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da soro yafi na bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba. Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 kan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya su yi kwanaki basu lalace ba, babu wuta ko ɗis.

Ɗumama ma ta shafe ka, in hunturu ya kama itace da gawayi nawa ake ƙonawa a gidanku don ruwan wanka? Akwai tankin da ake ɗorawa a rufi rana ta dafa ruwan, tambayi masu haɗa sola a garinku.