Albashin shagon kaza ba ya kai ni ƙarshen wata, ko in bar SSNIT?

Tambaya: Baba, ina aiki a wani shagon soyayyar kaza a Osu, ina zaune a Nima, duk a birnin Accra na Ghana. Sidi 900 ake biyana a wata. Kuɗin trotro (motar haya) da abinci sun cinye fiye da rabi, ga mai gida yana neman hayar shekara biyu. Manaja ya ce in bar maganar SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata, in riƙa karɓar kuɗina cif. In yarda?

Amsa: 'Yata, kuɗin nan ba ya isa, gaskiyarki. Mafi ƙarancin albashi a 2025 sidi 19.97 ne a rana, kuma kin san abin da wannan zai saya a Nima. Kan haya kuwa, dokar 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida a gaba, sai dai masu gida sun mayar da ita tatsuniya.

Amma maganar manajan nan ce ta tsaya mini a rai, don kullum sai na ji ta. Wai kuɗin SSNIT gwamnati ke cinyewa, gara a riƙe a hannu. Wa ya fi yaɗa wannan zance? Mai shago! Ki yi lissafi. Ke ana cire miki kashi 5.5 cikin ɗari, wato sidi 49.50. Shi kuma doka ta ɗora masa kashi 13 daga aljihunsa, sidi 117 kowane wata. In kika yarda, kin tsira da hamsin, kin bar masa ɗari da sha bakwai, har kina yi masa godiya. Ga shi sai an biya na wata 180 ake samun fansho, duk watan da aka tsallake ya tafi ke nan. In wata lalura ta nakasa ki, Allah ya kiyaye, da wace takarda za ki nemi haƙƙinki?

Kada kuma ya ce miki ke 'yar wucin gadi ce. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce wanda ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya, ma'aikacin dindindin ne.

Ki ɗauki Ghana Card ɗinki, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ki je ofishin SSNIT, ki nemi a buga miki bayanin asusunki. Na ga yara da yawa ana cire musu kuɗin, amma ko kwabo bai shiga ba.