Tambayi Likitan Dabbobi: Me Kare Ke Ci, Me Yake Koya?

An gama girbi, daji ya bushe, mafarauta sun fara shiri, don haka ban yi mamaki ba da na ga saƙonnin wannan makon sun karkata wajen karnuka. Na zaɓi biyar.

Likita, ni mafarauci ne daga yankin Gumel. Mun taso mun tarar ana hana kare abinci kwana ɗaya ko biyu kafin a fita, don ya yi zafin nama. Haka nake yi. To amma karen nan in ya kama zomo sai ya shige da shi sarƙaƙiya, in yi ta kira har maƙogwarona ya bushe, ba zai fito ba sai ya cinye rabi. Duka bai yi magani ba. Ina mafita?

Malam, ba taurin kai ne ke damun karenka ba, yunwa ce. Dabbar da ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba, ta samu nama mai ɗumi a bakinta, ba ta da kunnen jin kowa. Duka kuma ƙara lalata lamarin yake yi, domin abin da karen ya fahimta shi ne: in ya zo wurinka da zomo, za a ƙwace kuma a jibge shi. Wa zai zo?

Magabata ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Karen da ya ƙoshi ya yi nak ba ya koyon komai, kuma ba ya gudu. Amma marmarin abinci daban, yunwa daban. Lokacin da ya fi dacewa da horo shi ne dab da cin abincinsa na yamma. Ka yanka busasshiyar hanta ko bandar kifi ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, ka zuba a aljihu. Ka yi fito. Yana isowa gabanka ka miƙa masa guda, nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka tsaya lalube a aljihu har ya juya yana shinshinar ƙasa, to ladan shinshinar ƙasa ka ba shi, ba na zuwa ba. Minti 5 zuwa 10 sun isa, sau biyu a rana. Sannan duk lokacin da za ka ajiye masa kwanon abinci, ka fara yin wannan fiton. Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna tun sama da shekara ɗari da suka wuce cewa kare yana ɗaure sauti da abinci a ƙwaƙwalwarsa har yawunsa ya riƙa zuba da jin sautin kaɗai. Haka kake so fitonka ya zame masa.

Daga nan sai musaya. Ka cusa tsumma a fatar zomo ka jefa masa. In ya kawo, ka karɓa da hannu ɗaya, ka ba shi hanta da ɗayan. Zai gane cewa sakin abin da ke bakinsa ba asara ba ce. Wannan aikin makonni ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hadisin Adiyyu bin Hatim da ya yi magana a kan karen da aka horar idan ya ci daga abin da ya kama. Hukuncinsa na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa a matsayina shi ne, yunwa ce kan gaba wajen sa kare ya kama wa kansa maimakon ubangidansa.

Ranar fita: ka ciyar da shi sosai a daren da ya gabace ta, da asuba kuma ruwa da ɗan abu kaɗan. Kada ka cika masa ciki sannan ka sa shi gudu. Karnuka masu zurfin ƙirji, irin dogayen nan na Azawak, tumbinsu kan iya kumbura ya murɗe, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. In kun dawo, ya huta kamar awa ɗaya kafin ya ci.

Likita, karen gadi gare mu a gida, a nan Zariya. Ƙanzo da ragowar tuwo da miya muke ba shi. 'Yan watannin nan ya zama malalaci, ko baƙo ya shigo sai dai ya ɗaga kai ya mayar. Yarana sun yi ta koya masa zama da tashi, ya ƙi.

Hajiya, kafin a ce ya ƙi, a ɗaga leɓensa a dubi dasashinsa. Na lafiyayyen kare jaja-jaja ne. In kika ga ya yi fari-fari kamar cikin kwakwa, jini ne ya yi masa ƙaranci, kuma marar jini ba ya karatu, mutum ne ko dabba.

Tuwo ba laifi ba ne. Wani bincike da aka buga a 2013 daga Uppsala ta ƙasar Suwidin ya nuna cewa kare ya fi kyarkeci iya narkar da abinci mai sitaci, saboda daɗewar zamansa da mutane. Matsalar ita ce tuwo zalla. Ƙa'idar da masu sarrafa abincin karnuka a Amurka ke bi ta ce kada furotin, wato sinadarin gina jiki, ya gaza kashi 18 cikin 100 na busasshen abincin babban kare, ƙanzo kuwa bai kama ƙafar haka ba. Ba sai kin sayi na buhu mai tsada ba. Ki haɗa masa tuwon da dafaffen tumbi ko huhu daga mahauta, ko dakakken kan kifi, ko dafaffen ƙwai, ko dafaffen wake da aka murje, da ɗan kabewa.

Miyar kuma ki daina. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafuwa ba ta kashe dafinsu, kuma kaɗan-kaɗan na kullum taruwa yake yi. Haka nan masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna: abin da ba za ki dafa wa yaranki ba, kada a ce "a ba kare", hantarsa yake lalatawa. Ki kai shi a duba jininsa da kashinsa, domin kaska da tsutsar ciki ma suna kawo irin wannan kasala. Maganin tsutsa kowane wata 3.

Likita, abokaina sun ce in riƙa zuba wa karena barkono a abinci, wani ma ya ce tramol, wai zai yi faɗa.

Ɗana, kada ka soma. Barkono gudawa da ƙunar ciki zai sa masa. Tramol da wiwi kuwa jiri, farfaɗiya, wani lokaci mutuwa. Goro da cakulan ma guba ne gare shi. In ma abin ya sa shi cizo, ba ɓarawo zai fara ciza ba, ƙanenka da ke wasa a tsakar gida ne ya fi kusa. Karen gadi na kirki shi ne wanda ke haushi in ya ji motsi, ya kuma yi shiru in ka ce ya isa.

Likita, gaskiya ne ɗanyen nama na sa kare mugunta? Da layya mun jefa wa namu ɗanyar hanta da huhu da suka yi wasu ƙullutai masu ruwa, tun daga nan nake jin tsoro. Daga Maraɗi.

Ɗanyen nama ba ya canza halin kare. Abin da mutane ke gani shi ne kare yana gurnani a kan abu mai daraja a wurinsa, kuma ko a kan dafaffen ƙashi zai yi hakan. Dafaffen ƙashin, musamman na kaza, shi ma a guje shi, tsagewa yake yi ya huda hanji.

Tsoronka dai yana da dalili, amma ta wata fuskar. Waɗannan ƙullutai masu ruwa kan zama gidan 'ya'yan wata ƙaramar tsutsa. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ƙwanta ya fita ta kashinsa ya manne a gashinsa da ƙasar gida. Yaro ya shafa shi ya sa hannu a baki, bayan shekaru a ga irin ƙullutun nan a hantarsa ko huhunsa. Ka je wurin likitan dabbobi ka gaya masa abin da karen ya ci, ya ba shi maganin da ke ɗauke da praziquantel, domin ba kowane maganin tsutsa ke kashe wannan ba. Kashin da zai yi kwanakin farko a binne shi da zurfi. Nan gaba duk kayan cikin da ya nuna ƙullutu a ƙona shi ko a binne.

Wani abu kuma: in halin kare ya juya farat ɗaya, mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani, yana dalalar da yawu, kada a tsaya binciken abinci. A tsare shi, a kira ma'aikatan dabbobi, a yi zaton haukar kare. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafi ana fara ta tun kare yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara.

Likita, kwikwiyona wata biyu da rabi. Nama zalla nake ba shi don ya yi ƙarfi, amma ƙafafunsa na gaba sun fara lanƙwasa, kuma ko'ina yake kashi.

Tsoka ba ta da sinadarin kalsiyam da ya ishi ƙashi mai girma, sai jikin ya koma yana tatsar na ƙashin, shi ya sa ƙafafun suka yi laushi. Na sha ganin irin wannan, kuma yawanci a gidajen da aka fi ji da karen. Ka kai shi a duba shi cikin makon nan, kada ka sayo ƙwayoyin kalsiyam da kanka, domin yawansa ma illa ne ga kwikwiyo. Kafin nan ka dakatar da koya masa tsalle.

Batun kashi kuwa, agogo ne maganinsa. Ka riƙa ba shi abinci sau 4 a rana a lokuta tsayayyu, in ya kai wata 3 a koma sau 3, in ya kai wata 6 sau 2. Ka ɗauke kwanon bayan minti 15 ko ya cinye ko bai cinye ba, ruwa dai ya zauna kullum. Kwikwiyo kan nemi yin kashi jim kaɗan bayan ya ci, don haka yana gamawa ka ɗauke shi zuwa lungun da ka ware masa, ka tsaya a kansa. Yana yi, ka yaba masa ka ba shi ɗan guntun kifi tun bai bar wurin ba.