Likita Na Amsa Tambayoyinku: Soja Ya Ajiye Kaki, Firgicin Yaƙi Bai Sake Shi Ba

Saƙonni huɗu suka zo mini a kan matsala guda, don haka na haɗa su a wannan makon, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya daga wata uwargida a Nima, Accra: Likita, maigidana tsohon soja ne da ya je Laberiya da Ruwanda aikin kiyaye zaman lafiya. Yakan zabura cikin dare yana ihu, jikinsa sharkaf da gumi. Ranar da tayar motar haya ta trotro ta fashe a bakin titi, na tarar da shi rub da ciki a tsakar gida. Ko ragon layya ba ya iya tsayawa a yanka a gabansa. Danginsa sun ce aljanu ne ko sammu. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri. Ba na yanke hukunci a kan wanda ban duba ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon firgicin bayan masifa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen da aikinsa gadi ne: da ya hango haɗari sai ya sa zuciya ta buga da sauri, jiki ya ɗaure, mutum ya faɗi ƙasa tun kafin ya yi tunani. A fagen daga wannan mai gadi ne ke tsirar da ran soja, amma a wurin wasu sai ya ƙi sauka daga aiki bayan an dawo gida, ya riƙa ɗaukar ƙarar taya a matsayin harbi, warin jini kuma ya mai da mutum wurin da ya bari shekaru talatin da suka wuce.

Ki tuna abin da ya gani. A 1994, lokacin kisan ƙare dangi na Ruwanda, sojojin Ghana ƙarƙashin Janar Henry Kwami Anyidoho suna cikin 'yan kaɗan da suka tsaya sa'ad da wasu ƙasashe suka kwashe nasu. Babban kwamandan rundunar, Janar Roméo Dallaire na Kanada, da bakinsa ya bayyana wa duniya cewa wannan ciwo ya kama shi, saboda haka kada kowa ya jingina shi ga ragwanci ko raunin imani. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi jerin cututtuka, bayan yaƙin Biyetnam, amma na tabbata akwai masu shi cikin kakanninmu na zango da suka dawo daga yaƙin Burma, sai dai ba a san sunansa ba a lokacin.

Idan kun je asibiti, abu huɗu za a nema: dawowar abin da ya faru ta mafarki ko a farke, gudun duk abin da ke tuna masa da shi, sauyin hali irin su zargin kai da janye jiki daga iyali, da kuma zaman ɗar-ɗar mai haɗe da saurin fushi da rashin barci. Sai alamomin sun wuce wata guda, suna kuma hana shi harkokinsa, sannan a ce ciwon ne. Akwai takardar gwaji mai tambayoyi 20 da ake kira PCL-5, amma tantancewa ce kawai. Hira da ƙwararre ce ke tabbatarwa. Likitan kirki zai kuma auna hawan jini da sukari, ya duba maƙoƙo, ya tambayi ko ya taɓa buguwa a ka, da abin da yake sha don ya samu barci. Ki raka shi, domin mai mafarki bai san rabin abin da yake yi cikin dare ba, ke ce shaida. Kuna iya farawa da Asibitin Soja na 37, ko Korle Bu, ko Pantang.

Addu'a da ruƙiyya ba su karo da asibiti, a ci gaba da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri da sunan fitar da aljani, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012 ta haramta azabtar da majinyaci. Idan ya zabura da dare kada ki cafke shi. Ki kunna fitila, ki tsaya nesa kaɗan, ki kira shi a hankali, ki ce masa yana gida, a Nima.

Tambaya daga wani tsohon saje a Aboabo, Kumasi: Na je Lebanon da Saliyo, ina cikin aiki lafiyata ƙalau, sai bayan ritaya abin ya taso mini. Yanzu Valium da tramol nake saya a kemis don in yi barci. Akwai laifi?

Amsa: Baba Saje, tasowar ciwon a makare sananne ne, domin fareti da abokan bariki kan danne shi, zaman kaɗaici kuma ya buɗe masa ƙofa. Laifi kuwa akwai. Valium da danginsa ba su warkar da wannan ciwo, suna kuma kama jiki, tramol kuma maganin ciwon jiki ne da kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sai dai kada ka yanke su dare ɗaya, yin haka haɗari ne. Ka je sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Komfo Anokye a rage maka su sannu a hankali. Magungunan da ke da hujja su ne satiralin da farozetin da benlafazin, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin a ga amfaninsu sosai. Suna iya kawo tashin zuciya da raguwar sha'awar iyali. In hakan ta faru ka faɗa, kada kunya ta sa ka jefar da maganin. Ka kuma gaya wa likita batun tramol tun farko, domin haɗa shi da waɗannan magunguna na iya yin mummunar illa.

Tambaya daga wani matashi a Madina: Masanin halayyar da ke ganin mahaifinmu yana sa shi maimaita labarin abin da ya gani. Mu a gida muna ganin fama masa gyambo ake yi. Ba gara a bar shi ya manta ba?

Amsa: Ɗana, da ƙyalewa na sa mantuwa, da ya manta tuntuni. Gudun tunanin yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne ke hana ƙwaƙwalwa gane cewa haɗarin ya wuce. Wannan jinya ta magana ita ce a sahun gaba, gaban ƙwayoyi. A wani salonta majinyaci kan ba da labarin sau da yawa a wuri mai aminci, cikin zama 8 zuwa 15, har zafinsa ya ragu, sannan ya tunkari wuraren da yake gudu mataki-mataki: yau ya tsaya a bakin kasuwar Madina da sassafe na minti goma, wani makon ya shiga ciki. Wani salon, mai zama kusan 12, yana gyara tunanin nan na "da na yi kaza da yaron nan bai mutu ba", wanda ke cin tsofaffin sojoji fiye da tsoro. Makonnin farko kan yi nauyi, kuma a nan ne mutane suka fi gudu, don haka ku ƙarfafa masa gwiwa. Amma ku a gida kada ku matsa masa ya ba ku labari. Wannan aikin wanda aka horar ne.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Sabon Zango, Accra: Yayana ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba ya jiran gobe. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum niyya. A kawar da bindiga da tarin magunguna da maganin feshi daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa yau, ko a kira 112. Kada tsoron 'yan sanda ya tsayar da ku, domin tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a dokar Ghana.